Abin da muka tattauna kan yawon kwale-kwale a Epe

Jiya a majalisarmu ta Agege an sha hira kan fita yawon kwale-kwale ranar Asabar a ruwan Epe da ke Jihar Legas, ga abin da na tsinta. Rigar kariya dole ce ko ka iya iyo, LASWA, hukumar kula da hanyoyin ruwa ta Jihar Legas, ma ta wajabta ta, kuma wallahi nan na fi damuwa don yawancinmu ba mu taso a bakin ruwa ba. Wani dattijo ya ce a bi matuƙin da ya san wajen, a guji Yuni da Yuli saboda ruwan sama, a kuma kauce wa kainuwa don tana riƙe filafili. Waya a ƙulle a leda. A fita da asuba saboda gosulon hanyar Lekki, kar a cika jirgi, a dawo kafin magariba.