Bashin gida a Ailan: wace rana ce banki ke lissafin ya saki kuɗin?

Baban Khalil, Dablin

Assalamu alaikum. Ina neman waɗanda suka sayi gida da bashin banki a Ailan su gaya mana yadda tasu ta kasance. Takardar tayin bashi ta iso hannuna, an rubuta tsayayyen ruwa na shekara 5, wato kuɗin ruwan da ba ya canzawa a tsawon lokacin, na sa hannu a gaban lauya. Sai dillalin da ya haɗa ni da bankin yake ce mini adadin da ke cikin takardar ba alkawari ba ne, abin da za a ɗora mini shi ne ruwan da banki ke bayarwa a ranar da aka saki kuɗin. To wace rana ce wannan? Ranar da lauya ya nemi kuɗin, ko ranar da suka shiga asusunsa, ko ranar da aka miƙa mini makulli? Kowa ya faɗi abin da ya gani da idonsa don Allah, ban da ji-ta-ji-ta.

Maman Ikram, Limerick

Wa alaikumus salam. Baban Khalil, dillalinka gaskiya ya gaya maka, mu a jikinmu muka ji.

Mun sayi namu a ƙarshen 2022, lokacin da Babban Bankin Turai ya fara ƙara ruwa. A watan Yulin shekarar ya yi ƙarin farko, bai tsaya ba sai Satumbar 2023, sau 10 a jere, daga sifili har kashi 4.5. Bankinmu ya sanar da ƙarin rabin kashi a kan tsayayyen ruwa, ya ce waɗanda aka riga aka amince musu suna da kamar wata guda su karɓi kuɗinsu a kan tsohon farashi. Muka ce ai mun tsira, tunda mun sa hannu a komai, mai sayar da gidan ma ya kwashe kayansa.

Inshorar rai ce ta riƙe mu. A nan doka ta sa banki ya tabbatar mai karɓar bashin gidan zama yana da inshorar da za ta biya ragowar bashin in ya rasu, sai a wasu 'yan yanayi da aka keɓe. Maigida yana da hawan jini, kamfanin inshora ya ce sai ya ga rahoto daga likitansa. Rahoton nan ya kwanta a asibitin unguwa mako bayan mako, kullum ina kira ana cewa likita bai samu zama ba. Banki kuma ya ce ba zai ko duba takardar neman kuɗin da lauyanmu ya aika ba sai inshora ta kammala. Ranar da takardar inshorar ta fito, wa'adi ya riga ya wuce.

Na roƙe su, na nuna musu ranar da lauya ya aika buƙata, wadda take cikin wa'adin. Amsar da aka ba ni ita ce ranar nema ba ta shiga lissafi, ranar da kuɗi suka bar banki ita ce magana. Don a ga nauyin abin: bashin yuro 300,000 na shekara 30, a kan kashi 3 biyan wata kusan yuro 1,265 ne, a kan kashi 3.5 kuma kusan 1,347. Bambancin yuro 82 ne duk wata, a shekara 5 ya kusa yuro 5,000. Namu bai kai 300,000 ba, amma abin ya yi mini ciwo ƙwarai, domin babu abin da ya rage a ɓangarenmu. Duk mai wata larura, ko hawan jini ko ciwon suga, ya nemi inshorar nan tun ranar da aka karɓi tayinsa a kan gida, kada ya jira takardar banki.

Dakta Mai Yara, Galway

Allah ya mayar da alheri, Maman Ikram. Ni na samu shiga cikin wa'adi, kuma abin da na gani ya yi daidai da naki ta ɗaya fuskar. Lauyata ta nemi kuɗin, banki ya tura su asusun da take ajiye kuɗin abokan hulɗarta, a wasiƙar da ta biyo baya aka rubuta wannan ranar a matsayin farkon bashin. Makulli bai zo hannuna ba sai mako na gaba, saboda lauyan mai sayarwa yana jiran wata takardar harajin gida. Ranar makulli ba ta taɓa farashina ba ko kaɗan.

Sai dai a sani, ruwa ya fara hawa kaina tun ranar da kuɗin suka fita, ina gidan haya ina biyan ruwan gidan da ban shiga ba. Ban ji haushi ba, na 'yan kwanaki ne, ya fi a ɗora mini sabon farashi na shekaru.

Wani abu da lauyata ta ja hankalina a kai: banki ba ya sakin kuɗi ranar da aka nema. Akwai sashen da ke bin sharuɗɗan tayin ɗaya bayan ɗaya, inshorar rai, inshorar gida da sunan bankin a jiki, takardar izinin cirar kuɗi daga asusunka duk wata, rahoton mai kimanta gida, da alkawarin lauya. In abu ɗaya ya yi kuskure, ko da adireshin gidan ne ya bambanta da harafi tsakanin takardu biyu, fayil ya koma baya a layi. Ita ta aika komai da wuri, ta bi su da waya har suka tabbatar mata a rubuce cewa babu sauran sharaɗi.

Baban Khalil, Dablin

Na gode, Dakta. To in haka ne, me zai hana in ce lauyana ya karɓo kuɗin yanzu ya ajiye, in ya so a kammala cinikin a hankali?

Injiniya Habu, Cork

Ba zai yarda ba, Baban Khalil, ni na nemi hakan an hana ni. Lauya yana sa hannu a kan alkawari ga banki cewa zai yi amfani da kuɗin wajen kammala sayen gidan, ya kuma yi wa bankin rajistar jingina a kansa. In ciniki bai kammala cikin ɗan lokacin da aka ba shi ba, mayar da kuɗin zai yi. Na tambayi nawa lauyan, in an mayar an sake karɓa, wane farashi ne nawa? Ya ce kada in sa rai da tsohon.

Nawa sabon gini ne a rukunin gidaje. Na sa hannu a kwantiragi gida yana matakin tubali, maginin ya ce bazara, bazara ta zama hunturu. Sabon gida ba a sakin kuɗinsa sai an gama shi, injiniyanka ya zagaya ya rubuta gyare-gyare, mai kimantawa ya koma ya gani. A cikin jiran nan kimantawar farko ta tsufa, domin ƙa'idar Babban Bankin Ailan ta sa mata wa'adin da bai kamata ta wuce ba a ranar sakin kuɗi. Tayin bashin ma wa'adinsa ya ƙare, aka sake neman takardun albashi da bayanan asusu kamar yau na fara.

Amma ni jinkirin alheri ya zame mini. Kuɗina sun fita a rabin ƙarshe na 2024, bayan Babban Bankin Turai ya fara rage ruwa a watan Yuni, bankuna kuma suna ta sauke tsayayyen farashinsu. Abin da aka ɗora mini ya yi ƙasa da wanda ke cikin takardar farko. Na kuma samu rangwamen da ake yi wa gidaje masu tsimin makamashi, amma sai da na kai takardar shaidar makamashin gidan kafin ranar sakin kuɗi. Wanda gidansa ya cancanta ya tabbatar takardar tana cikin fayil tun da wuri.

Hajiya Uwani, Manchester

Ina karanta ku ina mamaki, don mu a Birtaniya tsarin daban ne. A nan tayin da aka ba ka a rubuce yana riƙe farashinsa har ƙarshen wa'adinsa, galibi wata 3 zuwa 6. Bayan ƙaramin kasafin kuɗin da Kwasi Kwarteng, ministan kuɗi na lokacin, ya gabatar ranar 23 ga Satumba 2022, bankuna sun janye tsare-tsarensu da yawa daga kasuwa cikin 'yan kwanaki. Mu tayinmu yana hannu, kuma a kansa aka kammala. Namu ma ba bashi mai ruwa ba ne, tsarin Musulunci ne na haɗin gwiwa, banki ya sayi kaso mu mu sayi kaso, muna biyan haya a kan nasa muna saye a hankali. Kuɗin hayar ne aka tsayar mana na shekaru. Na faɗi haka ne don kada ɗan'uwa da ke Ailan ya ji labarin wani na Ingila ya saki jiki.

Malam Sabo, Waterford

Hajiya, kun ji daɗi da kuke da bankunan Musulunci irin su Gatehouse. Ni batun riba ne ya sa har yau nake gidan haya, kuma ba na ganin laifin kowa a nan, kowa da malamin da ya tambaya da halin da yake ciki. Abin da zan ƙara kawai, na raka wani ƙanena wajen lauya, na ga yadda ake tura takarda mai shafuka da yawa a ce sa hannu nan da nan. Baban Khalil, ka zauna da takardar tayinka a gida ka nemo sakin layin da ya yi magana a kan canjin ruwa kafin sakin kuɗi. A ta ƙanena yana nan ɓaro-ɓaro.

Ɗan Damagaram, Drogheda

Ni ba saye na yi ba, sauya banki na yi, kuma ƙa'idar ɗaya ce. A 2022 ne, lokacin da bankunan Ulster Bank da KBC ke shirin barin ƙasar, jama'a sun yi cincirindo wajen sauya banki, lauyoyi aiki ya yi musu yawa. Mai sauyawa yana da ƙarin abu biyu da zai jira daga tsohon bankinsa: takardun mallakar gidan, da wasiƙar da ke nuna ainihin abin da ya rage a kansa. Takardun mallaka su suka fi cin lokaci, shi ya sa lauyana ya neme su tun kafin sabon banki ya ba ni tayi.

Da aka sanar da ƙarin ruwa, sanarwar ta ce a karɓi kuɗi kafin rana kaza. Na rubuta musu imel na ce su fayyace mini abu uku: ranar nan tana cikin lissafi ko a'a, ƙarfe nawa ake rufewa, kuma yaushe ne ƙarshen karɓar takardu in ana so kuɗi su fita cikin wa'adi. Amsar ta ukun ita ta taimake ni, domin ashe akwai wata rana ta cikin gida, kwanaki kafin wadda aka sanar, wadda duk fayil ɗin da ya iso bayanta ba su ɗauki alkawarin fitar da shi ba. Ba ta cikin sanarwar, sai da na tambaya. Na tura wa lauyana imel ɗin, ya ɗauki fayil ɗina ya sa a gaba. Kuɗin sun fita ana saura kwana kaɗan, ya biya tsohon banki washegari.

Baban Khalil, ka sa dillalinka ya samo maka waɗannan amsoshin uku a rubuce daga bankinka, ka kuma tambayi lauyanka yau ko akwai sharaɗin da bai cika ba a cikin tayin.