Wai sai a babban birni adabi ke yin ƙarfi?

Malam Ɗanlami: Salamu alaikum 'yan uwa. Jiya muka yi ta ja-in-ja da wani abokin aikina, wai shi a ganinsa duk birnin da ya tara miliyoyin mutane dole adabinsa ya yi ƙarfi, girman gari shi ke fitar da marubuta kamar yadda damina ke fitar da ciyawa. Ni dai raina bai kwanta da maganar ba amma na rasa ta inda zan ɓullo masa. Ku taya ni.

Usman: Wa alaikumus salam Malam. Ai gaskiya ya faɗa maka, ka haƙura kawai. Larabawa ma suna da wata magana, wai Alƙahira ta rubuta, Beirut ta buga, Bagadaza ta karanta, to a cikin ukun nan wanne ne ƙauye? Alƙahira tun 1820 take da maɗaba'ar Bulaƙ, tun 1969 take baje kolin littattafai na duniya, sannan Najib Mahfuz da ya ci kyautar adabi ta Nobel a 1988 ɗan birnin ne kuma kusan duk abin da ya rubuta lungunan birnin ne da mutanensu. Cire Alƙahira daga alƙalaminsa ka gani ko zai rage da wani abu.

Hajiya Rabi: Usman ƙanina ka lissafo uku ka yi shiru da ɗari. Birane nawa ne a duniya masu mutum miliyan biyar, miliyan goma, waɗanda ko za a yanka ka ba za ka iya kawo sunan marubucinsu ɗaya ba? Ga ƙasar Aisland can, gaba ɗayansu ba su kai rabin miliyan ba, amma Halldor Laxness ya ɗauko musu Nobel tun 1955. In yawa ne ke yi ai da ba su ga ko ƙurarsa ba.

Usman: Hajiya rashin saninmu da marubutan wani gari ba ya nufin babu su, fassara ce ba ta iso mu ba.

Hajiya Rabi: Wannan kam na ba ka. Amma Aisland ɗin fa, ka tsallake ta.

Usman: Ban tsallake ba, mutum ɗaya ne ai, tsuntsu ɗaya ba ya zama garke.

Baba Malam: Yara ku bari in sa baki. Kuna haɗa abu biyu ne wuri guda, inda aka haifi rubutu daban, inda aka buga shi daban. Ɗayyib Salih ɗan wani ƙauye ne a bakin Nilu a arewacin Sudan, ya yi aiki a sashen Larabci na BBC a Landan, shahararren littafinsa kuma a Beirut ya fara fitowa a 1966, amma in ka buɗe shi ƙauyen nan ne dai ke numfashi a ciki. To wa za a ba ladan, ƙauyen ko Landan ko Beirut? Haka James Joyce, ya tattara ya bar Dublin a 1904, ya je ya zauna Triyeste da Zurik da Faris yana rubuta Dublin ɗin da ya gudu ya bari, aka buga masa littafinsa Ulysses a Faris a 1922. Yau Dublin na tinƙaho da shi, alhali da ya zauna a cikinta Allah kaɗai ya san ko da littafin ya ga rana.

Usman: Allah ya ƙara girma Baba, amma ka lura duk inda suka gudu birni suka nufa, babu wanda ya ɗauki jaka ya yi daji.

Baba Malam: William Faulkner fa? A wani ɗan ƙaramin gari a jihar Misisifi ta Amurka ya ƙare yawancin rayuwarsa, Nobel ta 1949 ta same shi.

Usman: A Niyok ake buga masa Baba 😄

Baba Malam: To ai maganata kenan ɗan nan, ka maimaita min ita ne kawai.

Jamila: Ni dai bari in faɗi abin da idona ya gani lokacin da nake karatu a Masar. Akwai kasuwar tsofaffin littattafai ta Azbakiyya kusa da tashar Ataba, rumfuna ne jere, littafi a tsibe har ya fi tsayin mutum, wasu bangonsu ya cinye an ɗaure da zare. Wata rana na ɗauki wani littafin waƙoƙi, tsohon mai rumfar ya kalle ni ta saman gilashinsa ya ce me na karanta kafin wannan, na faɗa masa, sai ya karɓe littafin daga hannuna ya mayar, ya tono wani siriri daga can ƙasa ya kaɗe masa ƙura ya ce in fara da wannan in dawo bayan wata ɗaya. Wallahi haushi ya kama ni a lokacin. Amma na koma, kuma yana ganina ya tambaye ni wace waƙa ce ta hana ni barci. Wannan mutumin bai taɓa rubuta ko layi ɗaya ba amma ni a wurina irinsa ne ƙarfin adabin gari, mai karatu da ya san abin da yake sayarwa. Shi kuma irin wannan sana'ar ba ta ci da mutum sai inda masu saye ke da yawa, nan ne kawai zan bi bayan Usman.

Usman: Na gode Anti Jamila, a rubuta an ba ni ɗaya.

Hajiya Rabi: Rabi aka ba ka ba ɗaya ba. Ta ce masu SAYE ne ke da yawa, ba masu numfashi ba. Dubi Najeriya kafin da bayan 'yancin kai, Legas ce babban birnin ƙasa, can kuɗi suke can gwamnati take, amma ina aka kafa mujallar Black Orpheus a 1957? Ibadan. Ina aka buɗe kulob ɗin Mbari a 1961 inda su Wole Soyinka da Christopher Okigbo da J. P. Clark ke haɗuwa? Ibadan. Saboda kwalejin jami'a da aka buɗe a can a 1948 ta tara yara masu ƙwaƙwalwa wuri ɗaya suna karanta wa juna suna kushe juna.

Usman: Hajiya Ibadan ɗin ƙauye ce? A lokacin tana cikin manyan biranen Afirka ta Yamma fa.

Hajiya Rabi: Babba ce, amma ta daɗe da girmanta kafin 1948, me ya sa girman bai haifi Mbari ba sai da jami'a ta zo? Ga Zariya ma, ba ta kai Kano girma ba, amma can Rupert East ya shirya gasar rubuta littattafan Hausa ta 1933 da ta fito da su Abubakar Imam, can aka fara Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939. Ofis ɗaya da edita ɗaya mai naci suka yi wannan aikin ba cunkoson jama'a ba.

Sadiƙ: Ni duk wannan yabon birnin dariya yake ba ni. Na taɓa ɗaukar rubutuna na shekara uku na kai wa wani kamfanin ɗab'i a wani babban birni, aka ce in dawo bayan wata biyu, na dawo aka ce editan ya yi tafiya, na sake dawowa aka ce ana dubawa, sai da aka shekara biyu sannan wata sakatariya ta ji tausayina ta ce min ɗan uwa ko buɗe ambulan ɗin ba a yi ba, ta ciro min shi daga ƙarƙashin tebur da shatin kofi a bayansa. A birni in ba ka san kowa ba kai da babu ɗaya ne, ga haya ga hayaniya ga cunkoson mota, yaushe ma za ka zauna ka yi rubutun? Yanzu kam waya ta raba gardama, yarinya na ɗakinta a ƙauye tana sakin labari a Wattpad ko WhatsApp dubban mutane na bi.

Jamila: Allah sarki Sadiƙ, abin da ciwo. Amma ka duba sharhin da ake yi a ƙarƙashin labaran nan, daga "ci gaba anti" sai "mun gode Allah ya ƙara basira", waye zai ce mata babi na uku ɗin nan bai da amfani ki cire shi? Na taɓa zama a wani zaman marubuta, mutum bai fi goma sha biyu ba, wani ya karanta shafinsa na farko yana jiran tafi, wata dattijuwa ta ce masa labarinka daga sakin layi na huɗu ya fara, na saman duk gyaran murya ne. Ya fita ransa a ɓace, sati biyu ya dawo da shafin ya zama wani abu daban. Wannan a waya da ya yi bulokin ɗinta kawai.

Sadiƙ: Hhh wannan gaskiya ne, ni ma na yi bulokin mutum biyu.

Baba Malam: Abin da Jamila ke faɗa shi ya ɗaga Kano daga shekarun 1980. Kamfanoni ba su kula su ba, marubutan suka haɗa kai a ƙungiyoyi irin su Raina Kama suna buga abinsu da kansu, 'yan kasuwa na rarrabawa, shagunan haya na ba da aro, mata a cikin gida na karantawa suna miƙa wa maƙwabta. Anaca ma ta yi irin wannan da ƙananan littattafan kasuwa, yaƙin basasa na 1967 ya zo ya rusa kasuwar, garin ya sake cika da mutane daga baya har ya fi da, amma littattafan ba su dawo kamar da ba. Usman sai ka gaya min me ya hana, tunda mutane sun dawo.

Usman: Baba wannan tambayar sai na yi tunani. Amma ni ma ga tawa, titin Mutanabbi na masu sayar da littattafai a Bagadaza bam ya tashi da shi a 2007, a 2008 aka sake buɗe shi, masu littattafai suka dawo suka baza kayansu. Ƙaramin gari da ya sha irin wannan da shikenan an rufe babin.

Hajiya Rabi: Masu karatun ne ba su mutu ba ƙanina.

Usman: Masu karatun kuma a ina suke zaune Hajiya?

Malam Ɗanlami: Kai jama'a, na zo neman sanda ɗaya kun tara min dami. Zan tura masa tambayar Baba ta Anaca in ji ta bakinsa, in ya amsa zan kawo muku. Sadiƙ kai kuma rubutun nan mai shatin kofi yana nan ko ka yar?

Sadiƙ: Yana nan Malam, cikin akwati.

Jamila: Turo min babi na ɗaya yau da dare. Amma ka rantse ba za ka yi bulokin ɗina ba.