Neman Kalma: Sandar Kamun Kifi Ta Zamani Da Sassanta

Mai gabatar da shiri, Birnin Kebbi:
Assalamu alaikum, iyayena da malamaina. Ranar Alhamis da hantsi zan ɗauki hira a rediyo da wani bawan Allah da ya yi karatu a Ingila, ya dawo da wata sha'awa da ban taɓa ganin irinta a nan ba, wato harhaɗa sandar kamun kifi da hannunsa da gyaran wadda ta lalace, ba don neman kuɗi ba. Bayanin da ya aiko mini da Turanci yake, kuma dole in mayar da shi Hausa kafin daren Laraba. Kalmomi huɗu suka tsaya mini. Akwai "rod", wato kayan gaba ɗayansa. Akwai "blank", sandar da yake sayowa daga masana'anta ba a ɗaura mata komai ba, mai rami a ciki, mai kauri a gindi, tana sirancewa har tsini. Ana yin ta da zaren gilashi ko zaren kabon. Akwai "guides", ƙananan kewayayyun ƙarafa da yake jerawa a jikinta don zaren fatsa ya bi ta ciki, yana ɗaure ƙafar kowanne da zare mai launi, sannan ya shafe ɗaurin da gam irin mai haɗi biyu. Ta ƙarshe ita ce "reel", na'urar da ke naɗe zaren. Ina neman taimakonku.

Malamar Hausa, Gwandu:
Wa alaikumus salam, ƙanwata. Ta farko ba ta da wahala: sandar fatsa. Duk yaron da ya taɓa soka tana a ƙugiya ya zauna bakin gulbi zai gane ta nan take. Ta uku kuma zobba ce, sai ki ce zobban zare. Ga ta biyu ina ganin tsurar sanda, kamar yadda muke cewa tsurar shinkafa idan ba a sa mata komai ba.

Ma'aikacin gona, Yawuri:
Ni da gorar fatsa na fi so, domin asalin abin gora ce. Kafin zaren gilashi ya shigo wannan sana'a a ƙarshen shekarun 1940, kabon kuma a shekarun 1970, masu ƙwarewa a Amurka da Ingila gora suke tsagawa sili shida, su fere kowane sili, su manne su wuri guda har sandar ta fito da kusurwa shida. Gorar da suka fi yabo daga kudancin Sin ake kawo ta, kuma har yau akwai masu yin wannan aikin.

Malamar Hausa, Gwandu:
Malam, tarihin da ka kawo daidai ne, amma a Kebbi za a saurari shirin. Mai rubutu ya san gorar fatsa tamace ce, goran masunci kuma namiji ne, to amma a rediyo bambancin bai wuce karin sauti da harafi ɗaya a ƙarshen kalma ba, kuma mutumin Argungu da ya ji gora a zancen kifi, wanda ake hawa a yi iyo da shi a Matan Fada, kogin da ake bikin kamun kifi na Argungu, zai fara tunawa. Ban da haka, sandar baƙon nata ba ta gora ba ce.

Tsohon shugaban makaranta, Jega:
Ina ta karantawa ina mamakin yadda muke gudun ƙirƙira. Sandar fatsa bayani ne, ba suna ba. Harshen da ya ba mu mabuɗi da magirbi da marufi bai gaza ba mu sunan wannan kaya da kalma ɗaya ba. Sunan shi ne mafatsi, jam'i mafatsai. Na daɗe da ƙirƙiro ta, kuma na sha gwada ta a kan ɗalibai ba wanda ya yi gardama. 'Yata, ki sa mafatsi, sauran sassan duk sai su rataya a kanta: zobban mafatsi, gindin mafatsi, tsinin mafatsi.

Malamin jami'a, Aliero:
Allah ya gafarta Malam, ɗalibi ba ya gardama da shugaban makaranta. Mabuɗi daga buɗe ya fito, magirbi daga girbe, marufi daga rufe, dukansu aikatau ne. Mu kuwa cewa muke yi yaro ya yi fatsa, ba mu cewa ya fatsi kifi, saboda haka babu aikatau ɗin da za a ɗora wa wannan tsari.

Tsohon shugaban makaranta, Jega:
To masunci fa? Su ai suna ne, kuma ga shi an samu masunci daga gare shi ba wanda ya kai ƙara.

Malamin jami'a, Aliero:
Ranka ya daɗe, masunci ya bi ta sunta kafin ya iso, sannan misalin naka ya juyo kanka, domin masunci mutum ne. Da yake ba mu nuna karin sauti a rubutu, wanda ya ga mafatsi a takarda zai ɗauka mai yin fatsa ake nufi, kamar maɗinki ko manomi. Idan aka ce mafatsi ya karye a tsakiya, sai masu sauraro su fara jajantawa.

Dattijo, Argungu:
Ni abin da ya dame ni daban ne. Tun 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kawo ziyara Argungu, ake bikin kamun kifi a garin nan, har hukumar UNESCO ta sa shi cikin gadon al'adun duniya a 2016, kuma da homa da gora ake shiga ruwa a fito da giwan ruwa wanda sai ƙarti sun taru kafin su ɗaga shi. Muna da taru da birgi da mamari, kowanne da sunansa da gwanayensa. Yau kuma an bar waɗannan duka, an zo ana wahalar nema wa sandar Bature suna. A wurinmu fatsa wasan yara ne. Kuma in har za a faɗe ta a rediyon Kebbi, mu hwatsa muke cewa; ban ga dalilin da zai sa kullum mu ari bakin Kano a cikin gidanmu ba.

Ma'aikacin gona, Yawuri:
Baba, da girmanka, ruwa bai ƙare a Matan Fada ba. Sarkawanmu na Yawuri a kan Neja suke su tun kafin a gama madatsar Kainji a 1968, kuma babu wanda ya raina ƙugiya a cikinsu, tunda shi kansa mamarin da ka ambata ƙugiyoyi ne a jere a igiya.

Dattijo, Argungu:
Ɗana, mamari sana'a ce ta mai ciyar da iyali. Ba shi ne zaman mutum da sanda yini guda yana jiran karfasa ɗaya ba.

Mai gabatar da shiri, Birnin Kebbi:
Baba, na ji ƙorafinka, kuma na yi alkawarin shiri na musamman a kan homa da taru. Zan rubuta fatsa kamar yadda daidaitacciyar Hausa ta tanada, baƙon kuma ya furta yadda bakinsa ya saba. Amma ina roƙonku, yau Talata ce, kuma har yanzu ba wanda ya taɓa kalma ta huɗu.

Tela, Zuru:
Hajiya, ni ba malami ba ne, amma abin da ake naɗe zare a kansa a keken ɗinki kwarkwaro muke ce masa, masaƙa ma haka suke cewa. Da na ga hoton na'urar, shi ya fara zo mini.

Malamin jami'a, Aliero:
Shawarar mai ɗinki ta fi duk abin da muka kawo armashi, sai dai tana da iyaka. A irin na'urar da aka fi gani, wadda ke rataye a ƙarƙashin sanda, abin da zaren ke kwanciya a kansa ba ya juyawa lokacin jifa. Wani lanƙwasasshen ƙarfe ne ke zagaya shi yana naɗa zaren idan an murɗa hannu. Wannan ɓangaren shi ne kwarkwaro, babu shakka. Ita na'urar dukanta, da hannunta da haƙoranta da birkin da ke sassauta zare idan babban kifi ya ja, ina ganin manaɗi ya fi dacewa da ita, kuma naɗa aikatau ne sosai.

Tsohon shugaban makaranta, Jega:
Wato idan ma- ta fito daga jami'a halal ce, idan ta fito daga Jega sai an bincika asalinta. Ban ƙi manaɗi ba, amma a rubuta cewa manaɗin mafatsi ya fi manaɗin sandar fatsa sauƙin faɗi.

Malamar Hausa, Gwandu:
Ni manaɗi bai kwanta mini ba, domin rawani ma naɗa shi ake yi, tabarma ma haka. Mun karɓi sitiyari da giya da birki ba mu mutu ba. A ce ril kawai a bayyana shi sau ɗaya.

Mai gabatar da shiri, Birnin Kebbi:
Na kira baƙon na karanta masa. Ya amince da sandar fatsa da zobban zare, ya kuma ji daɗin tsurar sanda, ko da yake ya ce zoben da ke kan tsini daban yake, domin shi ba a ɗaure shi da zare, gam ake sa masa, kuma shi ya fi yawan canzawa idan tsini ya karye: a ɗan ɗumama shi a zare, a daidaita bakin karayar, a sa wani. Na rubuta masa zoben tsini. A kan ta huɗu ya ce shi ril ya saba cewa, kuma ba ya jin zai tuna da manaɗi idan hira ta yi zafi. Zan ce manaɗi a gabatarwa, shi ya ce abin da ya zo masa. Na gode muku duka.

Tsohon shugaban makaranta, Jega:
Allah ya ba da sa'a, 'yata. Zan saurara ranar da aka sa shirin, amma a ajin yamma da nake koyarwa mafatsi zan ci gaba da rubutawa a allo.