Neman shawara: 'yata ta kasa gane y = mx + c

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni uwa ce a Rigasa, 'yata tana aji biyu na babbar sakandare, baɗi za ta zana WAEC in Allah ya kai mu. Daren jiya na same ta a kan tabarma da tocila, ta yi ta goge takarda har ta huje. An ce ta mayar da 2x + 3y = 12 zuwa y = mx + c, ta rubuta m = 2, malami ya ja mata jan biro. Abin ya tsaya mini a rai, ni kuwa rabona da lissafi tun ina budurwa. Don Allah ta ina zan kama mata?

Malamin lissafi, Tudun Wada: Wa alaikumus salam Hajiya, kwantar da hankalinki. Yarinyar ta yi gaggawa ne, ba a karanta m sai y ta tsaya ita kaɗai. Ta fara tsallakar da 2x, alamarsa ta juya: 3y = −2x + 12. Sai ta raba kowa da 3, har da 12 ɗin, don nan yara suka fi mantuwa: y = −(2/3)x + 4. To m, wato gangaren layin da ake samu in an zana lissafin a giraf, −2/3 ne. Shi kuma c, inda layin ya yanki sandar y (sandar tsaye ta giraf ɗin), 4 ne. In tana shakka ta sa x = 0 a tambayar farko, za ta ga y = 4.

Wata tela, Kasuwar Barci: Yaya, ni da kuɗi na koya wa ƙanena. A ce mai a-daidaita-sahu ya ce ɗari biyar kafin ya tayar, sannan kowane buhu ɗari biyu. Ɗari biyar ɗin ita ce c, ko buhu nawa ne ba ta motsi. Ɗari biyun ita ce m: y = 200x + 500. Buhu uku, 1,100.

Ɗalibi, Kawo: Mama, in ta ga y = mx + b a intanet kada ta rikice, haka littattafan Amurka ke rubutawa, b ɗinsu shi ne c ɗinmu.

Mai tambaya: Allah ya saka muku da alheri. Malam, yanzu ta gwada 4x + 2y = 10, ta samu y = −2x + 5. Daidai ne?

Malamin lissafi: Daidai ne Hajiya. Gobe ki ba ta 3x − y = 7, ta kula da alamar da ke gaban y.