Giɓin kuɗin haya a gidajen masu rauni a Ingila: abin da muka gani da idonmu

Ma'aikaciyar sashen tallafin haya: Assalamu alaikum. Shekara 9 ke nan ina aiki a wata ƙaramar hukuma a arewacin Ingila, kuma ina roƙon duk wanda lamarin nan ya taɓa shi ya faɗi nasa. Mu ne muke biyan tallafin haya na Housing Benefit ga mazauna gidajen da ake kula da masu rauni, wato marasa matsuguni, da masu lalurar ƙwaƙwalwa, da matan da suka gudo daga cin zarafi, daga baya Ma'aikatar Ayyuka da Fansho ta mayar mana da kuɗin. Idan mai gidan ƙungiyar gidaje ce mai rajista da hukumar da ke sa ido kan gidajen haya na al'umma, ana mayar mana da kuɗinmu cif. Idan kuwa ƙungiyar agaji ce marar rajista, iyakar abin da jami'in tantance haya ya ƙayyade ake biya cikakke. Abin da ya haura sai a ba mu kashi 60 cikin 100, shi ma in mazaunin tsoho ne ko marar ƙarfin yin aiki ko mai riƙon yaro, in ba haka ba ko sisi. A ce hayar ɗaki fam 300 ce a mako, jami'in ya yanke 120, to daga ragowar 180 sai mu samu 108, fam 72 kuma su fita daga aljihun da ake kwashe shara da kula da tsofaffi.

Mai kula da gidan agaji: Hajiya, kin taɓo inda yake mana ƙaiƙayi. Gidanmu ɗaki 8 ne, da ma'aikacin da yake kwana da mazauna, ga na'urar kashe gobara da gyaran ƙofofin da ake karyawa, kuma waɗannan ne suke ɗaga hayar. Bara wani jami'in ƙaramar hukuma ya zauna a kicin ɗinmu, ya ajiye kofin shayinsa, ya ce aikinmu ba shi da makusa, amma kowane mutumin da suka turo mana asara ce a littafinsu, don haka mu nemi rajista. Neman rajistar ya fi shekara yana cin lokacinmu da kuɗin lauya, ɗakuna biyu kuma suka yi wata uku a rufe alhali mutane suna kwana a bakin shaguna.

Yayar wani mazauni: Malam, Allah ya saka muku da alheri. Ƙanena yana fama da lalurar ƙwaƙwalwa, kuma mako 11 aka yi ana duba takardun hayarsa, ana neman hujjar cewa da gaske ana kula da shi. Ranar da takardar bashin haya ta iso, na same shi ya haɗa kayansa a leda biyu yana zaune bakin gado, ya ɗauka korarsa za a yi.

Ma'aikaciyar sashen tallafin haya: Allah ya ba shi lafiya, 'yar'uwa, wallahi abin ya sosa mini rai. Tsananin binciken yana da dalili, domin an samu masu gidaje, musamman a Birmingham, da suke karɓar haya mai tsoka ba tare da kulawar kirki ba, abin da ya kai ga dokar sa ido kan irin waɗannan gidaje ta 2023 wadda ɗan majalisa Bob Blackman ya gabatar. Sai dai dokar ba ta taɓa tsarin mayar da kuɗin ba, wanda tushensa ƙa'idojin kafin 1996 ne. Ofishin binciken kuɗi na ƙasa ya ce asarar da wannan giɓi yake jawo wa ƙananan hukumomin Ingila ta tashi daga fam miliyan 53 a 2017-18 zuwa miliyan 108 a 2021-22. Ki nemi a ba ki dalilin jinkirin a rubuce, kuma ki sa ma'aikacin gidan ya haɗa da kundin kulawar da yake cikewa kowane mako, domin shi muke fara buɗewa.