Neman shawara: yarona yana ƙarewa a rabin tseren mita 100 na iyon kwaɗo

Mahaifin yaro, Tudun Wada:
Salamu alaikum 'yan uwa. Yarona ɗan shekara 13 yana iyon kwaɗo, sau huɗu a mako, a kwami mai mita 25. A gasar da ta wuce, a kwami mai mita 50, ya yi mita 100 a 1:32: hamsin ɗin farko daƙiƙa 41, na biyu 51. Saura mako shida wata gasar, kuma yana kukan gwiwa. Me za mu gyara?

Koci, Samaru:
Wa alaikumus salam Alhaji. Tazarar daƙiƙa 10 ta yi yawa ƙwarai. Uku zuwa huɗu ake so. Ko Adam Peaty na Ingila, da ya kafa tarihin duniya na daƙiƙa 56.88 a 2019, tazararsa ba ta kai huɗu ba. Yaron ya nufi 43 da 47, ka ga 1:30 ke nan.

Abin da ke cinye yara shi ne gaggawar hannu. Saurin iyon kwaɗo yana fitowa ne bayan shurin ƙafa, lokacin da jiki ya miƙe sambal, kai tsakanin damatsa, yana sulalewa. In ya ja hannu kafin ƙafafun su haɗe, ya taka wa kansa birki, ga gajiya a banza. Ka tsaya a bakin kwamin ka ƙirga masa jan hannu a kowace mita 25. In ya fara da 11 ya ƙare da 16, to ga matsalar nan.

Sau biyu a mako ya yi mita 50 sau takwas, kowanne a daƙiƙa 45 zuwa 46, hutun daƙiƙa 30 a tsakani, kuma ƙirgar kada ta ƙaru da fiye da biyu. Da zarar ta zarce, a tsayar da shi. Kafin nan ya yi mita 200 na shuri biyu, jan hannu ɗaya. Na sa 45 zuwa 46 maimakon 47 ne don ƙaramin kwami yana ba shi tunkuɗar bango da babba ba zai ba shi ba. A makon ƙarshe a rage yawan iyon da rabi, a bar saurin yadda yake.

Malama mai gashin ƙashi, Sabon Gari:
Alhaji, don Allah kada a raina maganar gwiwar nan. Yawanci gefen ciki ne ke ciwo, saboda yaro yana ware gwiwoyi da yawa sannan ya fizge ƙafa da ƙarfi. Gwiwoyin kada su wuce faɗin kafaɗa, diddige ya zo kusa da ɗuwawu, tafin ƙafa ya juya waje. Rabin horonsa ya zama iyon gaba da na rigingine. Da hunturu ruwan Zariya ƙanƙara ne da asuba, gara la'asar, kuma ya ɗumama jiki minti 10 a waje. In ta kumbura ko tana ciwo yana tafiya, ya dakata a kai shi asibiti.

Alƙalin gasa, Kongo:
Malam koci ya gama magana. Ƙarina kan doka ne. Ya taɓa bango da hannu biyu lokaci guda, a juyi da a ƙarshe, in ba haka ba za a soke shi. Bayan tsalle da bayan juyi an yarda masa jan hannu ɗaya har cinya da kaɗa ƙafa ɗaya irin na iyon malam-buɗe-littafi, sannan kansa ya fito kafin hannayen su juyo ciki a ja na biyu.

Mahaifin yaro:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Gobe in sha Allahu zan ƙirga jan hannun in kawo muku adadin, Malam.