Da mu ke zaɓen shugaban Asambili, da laburaren unguwa ya samu kuɗi?

Malama, daga unguwar Nima a Accra, Ghana: Assalamu alaikum jama'a. Jiya da la'asar na leƙa ɗakin karatun da yaran ajina ke zuwa. Fanka biyu sun mutu, yara huɗu sun dunƙule a kan littafin lissafi guda wanda bangonsa ya fita, ga jarrabawar BECE, ta kammala ƙaramar sakandare, ta ƙarato. Ni dai na ce muddin shugaban ƙasa ke naɗa mana shugaban Asambili, wato ƙaramar hukumarmu, laburare ba zai ga ko sidi ba. Wanda bai roƙi ƙuri'arka ba, ina ruwansa da kukanka?

Kawu Tela, daga Maamobi: Wa alaikumussalam. Malama, ban yarda ba. 'Yan majalisar dokoki ta ƙasa ai mu muke zaɓensu, kuma suna da nasu kaso a Common Fund, asusun da gwamnati ke raba wa Asambiloli. Amma in sun zo kamfe, me muke roƙonsu? Gyaran kwata, fitilar titi, kuɗin makaranta, shinkafa da sukari in azumi ya kama. Ni kaina ban taɓa buɗe baki na ambaci littafi ba, tsakani da Allah.

Malama: Kawu, mai ciki da yunwa dole ya fara da shinkafa. Wannan ba ya wanke shugabanni.

Tsohon asambuliman: Ku bari in sa baki, na yi shekara huɗu ina wakilci a zauren Asambili. Tsarin mulkin 1992 ya ce a ware aƙalla kashi 5 cikin 100 na kuɗin shigar ƙasa a raba wa Asambiloli. Kuɗin kan makara, in ma sun iso an riga an ɗaure wani kaso da ayyukan da aka tsara daga sama. Ragowar kuwa shara da kwata ke lashewa, don ranar da ruwa ya shiga ɗakunan mutane ba mai maganar karatu. Sai wata matsalar da ba a cika faɗa ba: Hukumar Laburare ta Ghana, wadda ke aiki tun 1950, tana ƙarƙashin Ma'aikatar Ilimi. In ka tayar da zancen a zaure sai a ce ai na ma'aikata ne. Ƙaramin laburaren unguwa ya zama jemage, ba tsuntsu ba, ba dabba ba. Na taɓa kai buƙatar kujeru da wayarin, aka sa ta a ƙasan takarda, shekara ta ƙare ba a kai kanta ba. Har yau abin na ci mini rai.

Wata ɗaliba daga Jami'ar Ghana da ke Legon: Baba, ai ka ƙarfafa maganar Malama. Bayan shugaban, har kashi 30 cikin 100 na 'yan zauren naɗa su ake yi. An sa ranar ƙuri'ar raba gardama kan shigar jam'iyyu zaɓen ƙananan hukumomi, 17 ga Disamba 2019, shugaban ƙasa na lokacin, Akufo-Addo, ya janye ta, batun zaɓen shugabannin ma ya kwanta.

Kawu Tela: 'Yata, a zaɓe shi ɗin, sai me? Dubi Asusun Raya Zango, wanda gwamnati ta kafa don raya unguwannin zango. Da aka shimfiɗa filayen ƙwallo masu ciyawar roba, samari suka yi ta murna, don abu ne da ido ke gani, a yanka kyalle a ɗau hoto. Albashin mai kula da laburare da kuɗin wuta ba su da hoto. Zaɓaɓɓe ma filin zai bi, don can ƙuri'a take.

Ɗaliba: Amma shi ina iya kayar da shi bayan shekara huɗu, Kawu. Naɗaɗɗe fa?

Tsohon asambuliman: Tun 2018 aka yanke Ayawaso ta Gabas da ta Arewa daga AMA, wato Asambilin birnin Accra, ofis ya matso kusa da ku. Kafin a amince da kasafi akan kira taron jin ra'ayin jama'a. A zamanina masu kasuwa na zuwa, direbobi na zuwa, ban taɓa ganin iyayen yara sun zo don laburare ba.

Malama: Ban sauka daga kan maganata ba, Baba, amma taron zan je, da yagaggen littafin nan a jakata. Kawu, za ka rufe shago ka raka mu?

Kawu Tela: In ba Juma'a ba ce, ki aiko yaro ya kira ni.